Majanyin Inna a Ƙarƙashin Kogi

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta gan ni a gidan biki sai ta ja ni gefe, wadda ta same ni a waya sai ta ce, "Rakiya, wai yaya Amurkar take?" Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, wannan ta ji na sanyi, waccan ta ji na jirgin sama, har na fara jin ana yaɗa cewa wai na faɗa teku a New York. Ban faɗa teku ba. Ga yadda abin ya kasance, ku karanta ku miƙa wa juna.

Wadda ba ta san ni sosai ba, sai na fara gaya mata abu ɗaya. Ni 'yar Yawuri ce, a bakin Kwara aka haife ni, amma tsoron ruwa nake yi. Da ba haka nake ba. Shekarar da muka gama sakandare, wata ranar kasuwa, jirgin ruwan da muke ciki ya daki kututture a tsakiyar kogi ya kife. Ni wata jarkar manja da babu komai a ciki na rungume har masunta suka iso. Hadiza, 'yar Gwaggona, wadda muke zaune kafaɗa da kafaɗa, sai washegari aka same ta. Tun daga ranar ban ƙara taka bakin kogi ba. Gwaggo a tsallake take zaune, har yau ban je na gaishe ta a ɗakinta ba. In mota za ta hau gada sai na rufe fuska da mayafi har a ce mini an wuce.

To, yayata Zulai a New York take aure, ta samu ciki na biyu. Haihuwar farko Inna ba ta samu zuwa wankan jego ba, abin kuma ya tsaya mata a rai. Wannan karon ta ɗaura niyya, sai ciwon gwiwa ya ce bai san zancen ba. Shi ne aka ce ni zan tafi. Ranar da zan bar gida Inna ta kira ni ɗaki, ta buɗe akwatinta ta ciro majanyi, wani tsohon saƙi mai ratsin baƙi da fari. Da shi ta goya Yaya Zulai, da shi ta goya ni.

Ta ce, "Wanka ki yi mata shi kamar ni ce a wurin. Ranar arba'in kuma, in za a fita da yaro gaishe-gaishe, ke za ki goya shi da wannan. Bayanki shi ne bayana, kin ji ko?"

Na ce na ji. Ban san abin da na ɗauka ba.

Ba zan ɓata muku lokaci da wahalar biza ba, da hanyar Kontagora da ta kusa zazzage mini hanji. A jirgin sama na roƙi a ba ni kujerar tsakiya, nesa da taga. Ashe ban tsira ba, a bayan kujerar da ke gabana akwai 'yar talabijin tana nuna ɗan jirgi yana rarrafe a kan wani shuɗi mai faɗi. Na tambayi dattijon da ke gefena mene ne shuɗin. Ya ce teku ne, 'yata. Na ciro ɗankwalin da ke cikin jakata na lulluɓe talabijin ɗin. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta nuna mini inda ake kashewa, na yi mata godiya, ta kashe, amma ban cire ɗankwalin ba har muka sauka.

A wurin binciken kaya wata mata mai safar hannu ta tambaye ni ko na zo da abinci. An riga an gargaɗe ni kada na ɓoye komai, sai na zazzage mata gaskiya. Kilishin da na sayo wa mijin Yaya, ta ce nama ba ya shiga. Ganyen darbejiyar da Inna ta shanya da hannunta don wanka, shi ma ya bi kilishi. Da ta zo kan kanwa sai ta tsaya. Ta juya, ta shinshina, ta kira wani ya zo shi ma ya shinshina. Na tattaro Turancin makaranta na ce dutse ne da muke dama kunu da shi. Suka dubi juna. Mutumin ya ce, "Kuna cin dutse?" Na ce mai jego ce kawai. Ban san me ya fahimta ba, amma dai ya yi dariya ya mayar mini da abata. Majanyin kuwa ban bari ya shiga akwati ba tun daga gida, a jikina yake, na ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin riga.

Yaya Bala, mijin Yaya Zulai, shi ya zo ɗaukata. Dogo ne, Bakano, direban tirela, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta New Jersey ya kawo babbar kasuwar Bronx. Yana hango ni ya ce, "Ke ce Innar da aka aiko mana? Lallai an rage mata tsawo a hanya." Ya yafa mini wata ƙatuwar rigar sanyi da ta kai mini har ƙauri. Muna cikin tafiya a mota sai ya rage murya ya ce, "Sunkuya, ƙanwata, akwai gada a gaba." Na sunkuya. A nan na gane Inna ta riga ni isowa ta waya, ta gaya musu komai.

Unguwarsu Parkchester sunanta, a yankin Bronx ɗin take. Gidaje ne na jan bulo, dogaye, kamar rana ɗaya aka haife su, ba ka bambance wannan da wancan. Na samu Yaya ta riga ta sauka, namiji, aka sa masa sunan marigayi Babanmu muna ce masa Abba. Yayarsa Ummi tana aji biyu a firamare, ana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, in ta ga dama ta jefo "to" a ƙarshe don a ji daɗi.

Ba na manta wankan farko. Na ɗora ƙatuwar tukunya, ruwa ya tafasa ya yi ta bori, na bar ƙofar banɗaki a buɗe ina ɗiba ina kaiwa. Sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu. Ni da na zaci gobara ce na suri Abba na yi waje ba takalmi. Yaya tana ɗaure da zani tana dariya har da riƙe ciki, tana cewa, "Dawo mini da ɗana, na'urar gobara ce ta ji tururi!" Maƙwabciyarsu 'yar Bangladash ta leƙo, da aka yi mata bayani sai ta ce su ma kwana arba'in suke yi. Da yamma ta aiko da wata miya mai yaji ta ce ta mai jego ce. Wannan ita ce kaɗai maƙwabciyar da na san fuskarta. Sauran sai dai ka ji ƙarar mukulli. A can mutum zai shekara bango ɗaya da kai bai san an yi maka haihuwa ba, ba kuma don ƙiyayya ba, haka suka ɗauki kara.

Tunda an karɓe ganyena, sai Yaya ta ce akwai a shagon Mma Memuna a unguwar Harlem. Mma Memuna 'yar zangon Kumasi ce, ta daɗe a can, ita ta zame wa Yaya uwa tun zuwanta. Makarantar Islamiyyar Ummi ma a kusa da shagon take, Asabar da Lahadi. Mai jego ba ta fita, Yaya Bala kuma kullum yana kan hanya, don haka zirga-zirgar Harlem ta dawo kaina.

Yaya Bala ne ya raka ni ranar farko don na gane hanya. Jirgin ƙasa mai lamba shida ake hawa. Da na shiga taragon na yi sallama da ƙarfi kamar yadda aka koya mini in an tarar da jama'a. Kowa ya yi kamar bai ji ba, sai wani tsoho mai hula can ƙarshe ya amsa mini cikakkiya har da wa barakatuhu. Yaya Bala ya ce, "Kin ci sa'a, ni shekara nawa ban taɓa samun ko ɗaya ba."

Jirgin da farko a sama yake tafiya, a kan ƙarafa, kana hango rufin shaguna. Akwai wata 'yar gada a hanya, a nan ya ce na rufe ido, na rufe. Jim kaɗan sai jirgin ya nutsa cikin ƙasa, taga ta yi baƙi.

Ya ce, "Buɗe idonki. Daga nan har Harlem ƙasa ce zalla, sama ƙasa, ƙasa ƙasa."

Wallahi sai na ji wani sanyi a raina. Duhu ba ya ba ni tsoro, rami ba ya ba ni tsoro. Dab da a isa Harlem akwai inda jirgin yake gangarawa ya ƙara gudu, kunne ya ɗan toshe. Na tambaye shi me ya sa. Ya dubi takalminsa ya ce, "Dutse ne a sama, mai kauri." Wurin nan ya zama wurin da na fi so a duk hanyar. A nan nake kwance ƙullin gyaɗata ina ci, ina ba Ummi, ina jin babu abin da zai same ni.

Mma Memuna kuwa, ku dai a ce kun gan ta. Gajeriya, mai jiki, muryarta tana riga ta fita daga shago. Hausarta irin ta zango ce, "kai" take ce mini kamar namiji, na kwana biyu ina waiwaye ina neman wanda take yi wa magana. Shagon cike yake da doya da manja da garin rogo da busasshen kifi, in ka rufe ido sai ka rantse kasuwar gida ce. Ba ta taɓa barina na fita ban ci wake da shinkafarta ba, irin tasu mai ja, da wani baƙin yaji da suke ce wa shito. Ganyen kuwa ko sisi ba ta karɓa. "Kuɗin ganye? Kai, tafi can! Ɗiyata ne ya haihu."

Ana cikin haka rigimar rami ta shigo gidanmu. Yaya Bala ne ya kawo labarin daga wurin 'yan'uwansa direbobi. Wai hukuma tana shawarar haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku, daga ɓangaren New Jersey zuwa Brooklyn, don kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa su riƙa shigowa birni ta jirgi maimakon tireloli. Za a yi taron jin ra'ayin jama'a a unguwanni, har da Bronx.

Yaya ta ajiye kofin kunu ta ce, "Allah Ya sa su haƙa gobe."

Ya ce, "Gobe? To jibi sai ki dafa mana ramin mu ci."

"Baban Ummi, je ka shafa bakin tagar can ka ga hannunka. Baƙin nan duk a ƙirjin yarinyar nan yake sauka."

Gaskiyarta ne. Babban titin da tireloli ke bi ba shi da nisa da gidan, Ummi kuma tana da fuka, ba ta rabuwa da ɗan abin shaƙarta. Na taɓa ganin tashin ciwon, ƙirjinta yana kuka kamar 'yar mage, ban so na ƙara gani ba.

Yaya Bala ya ce, "Na sani. Amma da hayaƙin nan ake biyan hayar ɗakin da take kwana a ciki."

Haka suka yi ta yi kullum, ba da faɗa ba, shi yana gyara mata matashi tana zuba masa miya, kowa yana kan bakansa. Da ranar taro ta zo Yaya ta ce tunda ita ba ta fita, ni zan je na zama bakinta. Yaya Bala ya ce, "Wato a motar haya ɗaya za a tafi da ni da 'yar adawa." Ya biya mini kuɗin bas kuma.

A zauren wata makaranta aka yi, da rana tsaka. Wani mutum mai sanyin murya ya yi ta nuna hotuna a bango, yana cewa har yanzu shawara ce, ba a yanke komai ba. Ya ce in an yi, gadoji za su samu sauƙi, kaya za su iso da arha, za a samu ayyuka. Sai aka ba jama'a dama. Abin ya burge ni ƙwarai, kowa ya bi layi, talaka da mai kuɗi, ka faɗi son ranka a gaban manya, wata mata tana rubutawa. Wata tsohuwa ta ce in aka gina wurin sauke kaya a unguwarsu, tirelolin da aka kora daga wani wuri ƙofar gidanta za su dawo. Wani direba ya ce shi wa zai koya masa sabuwar sana'a da furfurarsa. Da aka zo kaina na ce yayata ta haihu ba ta iya zuwa ba, ta ce a gaya muku 'yarta ba ta iya numfashi sosai saboda hayaƙi, a taimaka. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da na dawo kujera Yaya Bala ya raɗa mini, "Kin kashe ni, amma Turancin ya fita."

Mma Memuna ma ta zo, ta rufe shago musamman. Bayan an tashi muna tsaye a baranda ana shan shayi, sai suka sarƙe da Yaya Bala. Ita ramin take so. Ta ce doyarta tana kwana a cunkoson gada, kafin ta iso rabi ya ruɓe, kuɗin mota kuma ya fi kuɗin doyar.

Ya ce, "Mma, wa zai yarda ya tura dukiyarsa ƙarƙashin teku? Kin manta guguwar shekarun baya, da ruwan gishiri ya cika ramukan jirgi har baki?"

Ta ce, "Kai Bala, bar wannan magana! Yaron nan Rakiya ba kullum ƙarƙashin kogi yake bi ya zo shagona ba? Ruwa ya ci shi?"

Ban gane ba da farko. Na ma yi murmushi. Sai na ga fuskar Yaya Bala, na ga Mma ta kai hannu ta toshe bakinta.

Na ce, "Wane kogi?"

Na juyo na fuskanci Yaya Bala.

"Yaya Bala, wurin da kunne yake toshewa. Ka ce dutse ne."

Ya ce, "Akwai dutsen, ƙanwata. Sai dai a saman dutsen akwai..."

Ban ji ƙarshen ba. Na zauna a ƙasa daɓas a gaban mutane. Warin manja ya cika mini hanci, na ji ruwa a kunnena, na ga zanen Hadiza mai ruwan goro yana buɗewa a cikin kogi. Ina ta cewa a raina, a nan nake cin gyaɗa, a nan nake cin gyaɗa. Mma ta durƙusa ta rungume ni tana cewa, "Wayyo bakina! An faɗa mini fa, na manta. Allah Ya tsine ma doya!"

A gida na tarar da Yaya tana jira ta ji yadda taro ya kasance. Da ta ga idona ba ta tambaya ba. Ta ce, "Inna ce ta ce kada a gaya miki. Ta ce in kin sani ba za ki fita ba, za ki zauna a ɗaki wata biyu kamar fursuna." Ashe kowa ya sani. Har Ummi, da alawa aka sayi bakinta. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Haushinsu nake ji, kuma na san don suna sona suka yi, wannan ya ƙara mini haushin, don babu wanda zan zaga.

Wanka ban fasa ba, safe da yamma, kunun kanwa ma ban fasa ba. Amma jirgi na ce ni da shi har abada. Yaya Bala ya koma shi ke biyawa ya karɓo ganye bayan ya tashi aiki a gajiye, Ummi ta yi ta rasa Islamiyya. Mma tana aiko da wake da shinkafa a kwano, a ce in ji ta a ba yaron nan haƙuri. Ina ci ina hawaye, don yajin da daɗi.

Arba'in ta matso. Duk waɗanda suka zo barka da suna, matan masallaci da dattawan da suka yi wa Abba addu'a, a Harlem suke, can za a kai shi. Wata safiya bayan wanka ina shafa wa Yaya mai a baya sai ta ce, "Rakiya, na yi tunani. Ki goya shi a nan falo da majanyin, mu ɗauki hoto mu tura wa Inna. Ni sai na sa shi a kekensa mu tafi da babansa. Ba za ta sani ba."

Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye muku ba. Har na ce to. Da azahar Inna ta kira, fuskarta ta cika wayar don ba ta iya riƙewa nesa ba. Ta ga Abba, ta yi masa kirari, sannan ta ce, "Rakiya, majanyin yana nan ko?" Na ce yana nan. Ta ce, "To madalla." Da aka kashe wayar sai na zauna ina juya maganar hoton nan. Sun ɓoye mini kogi don suna sona, yanzu ni ma zan ɓoye wa Inna bayana don ina sonta. Matar da ta kasa tafiya ta ce bayana ne bayanta.

Na ce wa Yaya, "Hoton nan ba za a yi ba."

Yaya Bala ya ce to a ɗauki tasi a bi ta gada, na rufe ido, minti kaɗan an wuce. Yaya ta girgiza kai tun kafin na yi magana, don ita ma ta san dokar Inna: mai goyo ba ta rufe ido a hanya. Ko ta sama ko ta ƙasa, da ido buɗe zan bi. Na ce gara ramin, aƙalla na san kujerunsa.

Ranar arba'in ɗin sanyi ya ɗan sassauta. Yaya ta yi kwalliya, lalle har gwiwar hannu, ta yi kyau kamar ba ita ta sha ruwan zafi ba. Na sunkuya ta ɗora mini Abba, na ja zani na ɗaure, na kawo majanyin Inna na tamke a kai, aka yafa mana rigar sanyin nan ta rufe mu duka, kansa kawai ke leƙe cikin hula. Yaya Bala ya ɗauki hutu ya ce, "Ni na yi ƙaryar, ni zan raka."

A jirgi wata baƙar fata dattijuwa ta tashi ta ba ni wuri, na ce mata na gode, da goyo tsayuwa ta fi. Na kama ƙarfe da hannu biyu. Da muka zo 'yar gadar nan idona ya so rufewa da kansa, na hana shi. Na duba. Jama'a, kogin da na yi makonni ina ɓoye wa fuska, ko rafin bayan makarantarmu ya kusa kai shi. Na ce, "Wannan ne?" Yaya Bala ya ce, "Wannan ƙaramin ne, babban yana gaba." Yaya ta harare shi ta ce, "Yau kuma gaskiya ta kama ka?"

Jirgi ya nutsa. Tasha bayan tasha ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Sai na ji gangarar. Kunnena ya toshe. Na san yanzu kogi yana bisa kaina, da nauyinsa, da duhunsa, ga ɗan mutane a bayana. Yaya ta ɗora hannunta a kan nawa. Ina kallon bakin ƙofa, ina jiran na ga inda zai fara shigowa.

Sai na ji shi. Ruwa, a gadon bayana, yana gangarowa.

Na ƙwala ihu, "Yaya, ruwa! Ruwa ya shigo!"

Rabin taragon suka waiwayo. Yaya ta ɗaga rigar sanyin da sauri ta cusa hannu. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Rakiya, ruwan da ɗumi ko da sanyi?"

Na tsaya na ji. Da ɗumi.

"Ni na ɗaura masa kunzugun da gaggawa ina sauri na saka ɗankunne. Ɗanki ne ya yi miki tsarki."

Yaya Bala ya yi dariya har ya saki ƙarfe ya kusa faɗawa kan wani mutum. Dattijuwar nan ba ta jin Hausa amma ta gane, ta yi ta girgiza kai tana dariya. Ni kuwa kuka nake ko dariya, ban sani ba, duka biyun suke fita. Yaya tana share mini fuska da bakin mayafinta tana cewa, "Inna ta ce jariri ba ya fitsari a bayan da bai yarda da shi ba." Kafin na gama jan majina haske ya bayyana a taga, ƙofa ta buɗe. Harlem.

Mma Memuna tana tsaye a saman matakalar tasha tun safe. Tana hango mu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, Turawa suna kaucewa. Ta juya ni ta ga bayan rigata sharkaf, ta ce, "Kai, ashe dai ruwa ya ci shi!" A bayan shagonta aka sauya wa Abba kaya, ni ta ba ni wata rigarta da za ta ɗauki irina uku. Majanyin dai na ce a jiƙe ko a bushe da shi za a ƙarasa. Haka muka zaga gida-gida, ana sa masa albarka, ana cusa mana abinci.

Kada ku ce na warke. Dawowa ta ramin muka biyo, gabana ya faɗi kamar farko, haka kuma duk sauran zuwan da na yi kafin na taho. Gyaɗa dai ban ƙara ci a wurin ba. Ramin tekun kuwa har na baro su magana ce kawai. Yaya Bala ya ce in an haƙa shi Abba ne zai tuƙa jirgin, Yaya ta ce amin, ya ce shi ba addu'a ya yi ba.

Da na iso gida na miƙa wa Inna majanyinta. Ta shinshina ta ce, "Sabulunsu ba ya kama saƙi." Na ce, "Inna, ashe ke kika ce a ɓoye mini." Ta ninke shi a hankali ta ce, "Ni ce. Da na gaya miki za ki je?" Na ce a'a. Ta ce, "To."

Ranar kasuwar da ta wuce na ce ta raka ni bakin kogi. Ta dube ni, ta ɗauki sandarta. Muka tafi a hankali, ita gwiwa, ni tsoro. Muka tsaya wajen masu kifi. Wani mai jirgi ya ɗaga murya, "Hajiya, tsallake ne?" Inna ta ce masa, "Ba yau ba." Sannan ta matse hannuna ta ce, "Mu nan ba a haƙa mana rami ba, 'yar nan. In za ki wurin Gwaggonki ta sama za ki bi."

Na ce na sani. Ban shiga ba. Amma ban ja mayafi ba. Na tsaya na kalli ruwan tun daga ƙafafuna har can inda bishiyoyin garin su Hadiza suka fara.